Mai Dokar Barci

A durowar teburina ta ƙasa, wadda makullinta ke haɗe da na babur ɗina, akwai wani littafin rubutu mai falle 80, irin na 'yan sakandare. Bangonsa ya yi laushi don yawan ɗauka da ajiyewa. Wanda ya gan shi zai zaci lissafin bashi ne ko na adashi. Kurakuran Turancin abokan aikina ne a ciki, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwanan wata da wurin da aka tafka shi. Shekara 11 na yi ina wannan hidima, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni ko sisi. Da haka na riƙe fayil-fayil ɗin da ake ba ni albashi dominsu, da tuni ni ne darakta.

Ba kowane kuskure nake rubutawa ba, ni ma ina da aji. Wanda ya zo faɗin “fifty” ta fito masa “pipty”, ba ruwana da shi, don ni kaina in na gaji p da f ɗina sukan yi musayar riga. Abin da nake farauta shi ne aikatau, kalmar aiki, wadda in ta karkace duk zancen ya kife. Da zarar na ji mutum ya sa “borrow” a gurbin “lend”, ko “bring” a gurbin “take”, sai wani daɗi ya taso mini tun daga ciki, irin wanda mai kamun kifi ke ji in ƙugiya ta motsa.

Ciwon tsoho ne. Tun muna aji huɗu na firamare aka naɗa ni mai rubuta sunayen masu yin banakula, wato masu kuskuren yin Hausa a cikin aji. Yaro ya ce wa ɗan'uwansa “matsa”, in rubuta sunansa, a tashi a zane shi. A wannan shekarar aka ba mu littafin Brighter Grammar, muka riƙa rera “go, went, gone” da “eat, ate, eaten” muna kaɗa kai kamar masu karatun allo. Da na zo jarrabawar WAEC na ci Turanci da kiredit a zama ɗaya, lissafi kuwa sai da na koma masa sau uku. Wanda Allah ya ba gona ɗaya tak, a bakinta yake kwana. Ba ni da mota, ba ni da fili, ba ni da kawu a Abuja, amma na san bambancin “lie” da “lay”, kuma na ƙudura sai duniya ta san na sani.

Shafin farko na littafin na Akanta ne. Wata Litinin ya leƙo ofishinmu ya ce, “Malam, borrow me your biro.” Na ɗaga kai a hankali, na maƙale murya a hanci, na ce, “From whom?” Wai daga wurin wa zan aro masa. Ya dube ni, ya dubi biron da ke hannuna, ya ce, “Malam, in ba za ka bayar ba, ka ce ba za ka bayar ba.” Ya juya ya tafi. Mutumin nan yakan haɗa lissafin miliyoyi bai yi kuskuren kwabo ba, ni kuwa kuɗin cefane ma sai uwargida ta sake ƙirga mini. Duk da haka ranar na koma gida ina jin na fi shi.

Baba masinja yana da shafi uku shi kaɗai. Kullum in an kira shi yana kan hanyar fita sai ya ɗaga hannu ya ce “I am coming”, ƙafafunsa kuwa na ƙara nisa. Direbanmu ya taɓa rubuta takardar neman hutu ya ce likita ya umarce shi ya “drink” magani na kwana biyar. Wani matashi ya rubuto cewa matarsa ta “put to bed”, na ja layi ja a ƙarƙashi, na rubuta a gefe: an kwantar da wa?

Ba na dariya a fili, don ni mutum ne mai kamun kai. Tari nake yi. In dariyar ta taso sai in dunƙule hannu a baki in yi ta tari har idona ya kawo ruwa, in ta ƙi tsayawa in ɗauki buta in fita kamar mai shirin alwala, ko da ƙarfe goma na safe ne. Shekara da shekaru mutanen ofis suna yi mini sannu. Akwai wanda ya kawo mini zuma da citta daga ƙauyensu, ya ce maganin tarin nan ne. Na karɓa, na yi godiya, na shanye, alhali Turancinsa ne ya sa ni tarin.

Ranar da ya kamata in gane kaina ita ce ranar gobara. Muna zaune da hantsi, Hajiya sakatariya ta daina buga takarda, ta ɗaga hanci, ta ce, “I am hearing smell.” Na juyo da kujerata gaba ɗaya, don irin wannan kamu ba kullum ake samunsa ba.

“Hajiya, a Turanci ba a jin wari da ‘hear’. Wannan aikin kunne ne. Hanci ‘smell’ yake yi, harshe ‘taste’, fata kuwa ‘feel’.”

“To, Malam, ko da me ake jinsa, wani abu yana ƙonewa.”

“Bari in ba ki misali, yadda ba za ki manta ba.”

Ina cikin misali na biyu hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin teburina. Soket ɗin da na jona cajata ne ya narke, wutar har ta kama gefen labule. Baba masinja ne ya ruga ya kashe wutar ginin daga mita, kuma da zai fita bai manta ya ce “I am coming” ba. Na yi asarar caja da rabin labulen gwamnati. Da yamma da kowa ya watse na buɗe durowa na rubuta: Hajiya, “hearing smell”, Laraba, ƙarfe 11. Ban rubuta cewa hancinta ne ya hana mu ƙonewa ba.

Abin da ya ƙara wa laifina nauyi shi ne na san dalilin kurakuran nan sarai. Ba jahilci ba ne, Hausa ce ke leƙowa ta ƙarƙashin rigar aro, kuma an ce zanen aro ba ya rufe katara. Mu da kalma ɗaya muke aro da bayar da aro: na ari biro, ara mini biro. Haka koyo da koyarwa: na koyi ɗinki, koya mini ɗinki. Saiwa ɗaya ce, wutsiyar kawai muke murɗawa: saya, sayar, sayo, saye. In abu ya nufo mai magana sai mu liƙa masa “o”, fita ta zama fito, shiga ta zama shigo, kai ta zama kawo. Wani Bature masanin harshe, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa gida 7 a 1960, kuma har yau da wannan rabon ake koyar da nahawu a jami'o'inmu. Turanci kuwa sai ya ba ka kalmomi biyu da ba su haɗa ko kaka ba, “buy” da “sell”, “learn” da “teach”, ya ce ka haddace. Akanta da ya ce “borrow me” tsarin Hausa ya bi, tsari mai kyau, ya dai sa shi a gidan da ba nasa ba.

Haka “ji”. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin zafi, muna jin daɗi, muna jin Larabci. Muna shan ruwa da magani da iska da wahala. Muna cin tuwo da kasuwa da jarrabawa da zaɓe da amana. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 a kan “ci” ko “sha” zai ga yadda Baturen ya sha fama kafin ya jera ma'anoninsu. Na san duk wannan. Nakan ma yi wa baƙi bayaninsa a wurin ɗaurin aure, in an yi rashin sa'a an zaunar da su kusa da ni. Sanin bai taɓa hana ni tari ba.

Rana dubu ta ɓarawo. Tawa ta zo a watan Nuwamba na 2019, lokacin da Oganmu ya cika shekara 35 yana aiki, iyakar da dokar aikin gwamnati ta yanka ke nan in mutum bai riga ya kai shekara 60 da haihuwa ba. Aka shirya walimar ban kwana, aka yi karo-karo, aka ɗauko kujerun haya da rumfa. Wa zai rubuta jawabin ma'aikata? Ba a ma yi shawara ba, kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai irin na mai tawali'un da ya daɗe yana jiran a roƙe shi. Wata 'yar bautar ƙasa da ke sashenmu, wadda Turanci ta karanta a jami'a, ta ce, “Yallaɓai, in ka gama ko in duba maka?” Na yi murmushi na ce, “'Yata, lokacin da na fara gyara Turancin mutane ba a yaye ki ba.”

Dare uku ina rubutu. Ina so in ce Oga ya sa ido a kan ayyukanmu shekara tara. “Supervised” ta yi mini araha, kowane ɗan aji uku ya san ta. Na tuna “oversee”, amma in abu ya wuce sai ta koma “oversaw”, wadda ta yi mini ƙara a kunne kamar ana yankan katako. Sai na ce wa kaina, ai “see” da “look” Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, gani da dubawa, duk aikin ido ne. Na rubuta “overlooked”. Ta zauna daram, ta yi nauyi a baki. Don daɗinta sai na maimaita ta sau uku, yadda manyan masu jawabi ke yi. Ƙamus ɗin Hornby yana kan teburin, tazarar hannu ɗaya, ban buɗe ba. Likita ba ya tambayar hanyar asibiti.

Aka buga jawabin a ɗan littafin walima, kwafi 200, da sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe, don ni na nace a sa. Da safen ranar ma sai da na tsaya gaban kyallen da aka rataya a ƙofa, na ga an rubuta “Send-forth”, na girgiza kai, na shiga ofis na ƙara shi a littafina, na rubuta a gefe cewa “send-off” ake cewa.

Na sha babbar riga mai aska biyu, na karɓi makirfo, na gyara murya. “For nine years, he overlooked our projects.” Na dakata, aka tafa. “He overlooked our accounts.” Aka ƙara tafawa, na hango Akanta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. “Above all, he overlooked the welfare of junior staff.” Nan rumfa ta ɗauka. Direbobi da masu gadi da masu shara, waɗanda suka shekara uku suna jiran kuɗin ƙarin girma, su suka fi kowa tafi, ko sun fahimta ko ba su fahimta ba, Allah masani. 'Yar bautar ƙasa ta cusa gefen mayafinta a baki, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka jawabin ne ya taɓa ta.

Da Oga ya tashi mayar da jawabi, da Hausa ya yi. Ya ce, “Shekara 35 ina sauraron jawabai a aikin nan, ban taɓa jin wanda ya faɗi gaskiya a gaban mai ita kamar Malam ba. Allah ya saka masa.” Na dafa ƙirji, na rusuna, na ce amin da ƙarfi.

Ana rabon shinkafa uwargidan Oga ta yafito ni. Dattijuwa ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ta koyar da Turanci tun kafin in san hanyar firamare. Na durƙusa a gefen kujerarta.

“Ɗana, kai ka rubuta wannan da kanka?”

“Ni ne, ranki ya daɗe. Ba wanda ya taya ni.”

“Na ga alama.” Ta sauke tabarau, ta sa yatsa a kan layin. “Ka ce shekara tara bai kula da ayyukanku ba, bai dubi asusunku ba, ƙananan ma'aikata kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Ni da nake zaune da shi ban ce ka yi ƙarya ba. Amma a gaban surukansa?”

Ban san yadda na miƙe ba. Na dai tsinci kaina a ofis, da babbar riga da komai, ina buɗe Hornby hannuna na rawa. Ga ta nan baƙi a kan fari: “oversee”, sa ido a kan aiki, “overlook”, kasa lura da abu, ko kau da kai daga gare shi. Irin kuskuren Akanta na yi, sak. Na auna da hankali na ce kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya za su haifi 'ya'ya masu kama, Turanci kuwa ba ya biyan mai hankali. Bambancina da Akanta shi ne, shi a gaban mutum ɗaya ya yi nasa, kuma biro kawai yake nema.

Kada a zaci na tuba nan take. Mako guda na yi ina neman lauya a cikin littattafai. Na gano cewa a tsohon Turanci “overlook” takan ɗauki ma'anar sa ido, har a masaƙun Ingila ana kiran mai kula da ma'aikata “overlooker”. Na kai wa Akanta wannan hujja da murnata. Ya ce, “Wato Turancinka daidai ne, ya dai makara da shekara ɗari.” Na koma na tono “oversight”, kalma mai fuska biyu: ita ce sa idon da majalisar tarayya ke yi wa ma'aikatu bisa ikon da sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 suka ba ta, ita ce kuma kuskuren da mutum ya yi don bai lura ba. Harshen da ya kira tsaro da sakaci da suna ɗaya, yaya za a kama ni da laifi a cikinsa? Na ƙara da cewa masu babban ƙamus na Oxford sun ƙirga wa aikatau “run” shi kaɗai ma'ana 645. Na kawo labarin da Churchill ya bayar a tarihinsa na Yaƙin Duniya na Biyu, yadda hafsoshin Ingila da na Amurka suka yi ta cacar baki a kan “table”: 'yan Ingila na nufin a kawo maganar gaban taro yanzu, Amurkawa na jin an ce a jingine ta, alhali duk abu ɗaya suke so. In masu harshen sun rikice ana tsakiyar yaƙi, wane ni?

Duk wanda na karanta wa wannan kariya sai ya gyaɗa kai ya ce, “Haka ne, Malam,” da irin muryar da ake yi wa mara lafiya.

Ana nan sai wata safiya Hajiya sakatariya ta tsaya a gaban teburina, ta miƙo hannu, ta ce da Turanci, tana jan kowace kalma, “Malam, borrow me that your book.”

“Wane littafi, Hajiya?”

“Na durowar ƙasa. Mai falle 80.”

Ashe kowa ya sani. Baba masinja ya gan shi tun shekarar farko, ranar da na manta makulli a jiki, kuma ko da yake bai iya karanta boko sosai ba, ya gane sunansa. Sun san tarin, sun san butar ƙarfe goma. Wanda ya kawo mini zuma ma ya sani, da gayya ya kawo. Shekara 11 ina tsammanin ni ke kallonsu, ashe ni ne wasan da ake kallo. Na buɗe durowa na miƙa mata. Ta nemi sabon shafi, ta rubuta da kyakkyawan rubutunta na sakatarori: Malam, “overlooked”, sau uku, gaban mutum 200, da makirfo. Ta sa kwanan wata, ta mayar mini, ta ce, “Ka ga ban yi kuskuren aikatau ba ko?”

Kamar abin bai isa ba, wata biyu bayan haka, a Janairun 2020, masu ƙamus ɗin Oxford suka sanar da shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya. Akwai “Kannywood” da “okada” a ciki, waɗannan ba su dame ni ba. Amma ga “put to bed” da ma'anar haihuwa, wadda na ja wa jan layi. Ga “send-forth” ta jikin kyallen walima. Har “eat money”, cin kuɗinmu na gado, ta samu kujera a Oxford. 'Yar bautar ƙasa ce ta bugo jerin ta ajiye mini a tebur ba ta ce uffan ba. Na bi shi da yatsa daga sama har ƙasa sau biyu, ko Allah zai sa an tausaya wa “overlook” ɗina. Ba ta ciki. Kurakuran da na tara na mutane suna zama Turanci ɗaya bayan ɗaya, nawa kuwa yana nan a kuskurensa.

Zan so in ce na warke, amma hali zanen dutse ne. Littafin yana nan a durowa, na dai daina kulle ta. Abin da ya sauya shi ne ofishinmu ya yi sabuwar kalma. In wani ya makara, sai a ce a yi masa obaluk. In fayil ya kwana wata uku a tebur, an yi obaluk ɗinsa. Har waɗanda aka ɗauka aiki bayan walimar suna faɗinta, ba su san a bakin wa aka haife ta ba.

Makon jiya sabon Oga ya shigo ɗakin taro ya ce an “put out” zaman da za a yi da baƙi, yana nufin “put off”, wato an ɗage shi, sai ya kashe shi kamar gobara. Na ji abin ya taso daga ciki. Na danne, na ciji leɓe, na tuna uwargidan tsohon Oga da tabaranta, duk a banza. Tari ya ƙwace. Ina cikin yi sai na ji an ajiye kofin ruwa a gabana. Baba masinja ne. Ya sunkuyo daidai kunnena, ya ce a hankali, “Sha ruwa, Malam. A yi obaluk.”

Kuma daidai ya yi amfani da ita.